Tafiya Ingila da kyanwa: ƙwayar shaida, gwajin jini da takardu

"Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kano, na samu aiki a wani asibiti a Ingila, nan da wata biyu zan tashi in Allah ya yarda. Maigida da yara za su biyo ni daga baya. Ina da kyanwa, shekararta uku, tun tana 'yar ƙarama take hannuna, yaran ma sun shaƙu da ita. Bara an yi mata allurar haukan kare, katin yana nan. Ƙawata ta ce sai an saka mata wata na'ura a ƙarƙashin fata, wani kuma ya ce tsare ta za a yi wata shida idan mun isa. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin? Zan iya tafiya da ita ranar da zan tashi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sanya albarka a wannan aiki, ya kai ki lafiya. Kina son sanin ko kyanwar za ta iya shiga Ingila tare da ke nan da wata biyu, ko allurar bara ta wadatar, da kuma gaskiyar maganar na'ura da ta tsarewa. Gara in fara da mai ɗacin: nan da wata biyu ba za ta shiga ba. Ko yau ɗin nan aka fara shiri, mafi ƙarancin lokacin da dokar Birtaniya ta gindaya wa kyanwar da ta fito daga Najeriya wata huɗu ne, kuma kuɗi ko sanayya ba sa rage shi. Amma tunda maigida da yara suna baya, ƙofa ba ta rufe ba. Idan aka bi komai a jere, za ta iya zuwa tare da su, ba tare da an killace ta ba.

Duk tsaurin nan a kan cuta ɗaya ake yin sa, haukan kare. Sunan yana sa mutane su ɗauka ta kare ce kaɗai, alhali tana kama kyanwa da saniya da jaki da mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutane kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun fito, da wuya a tashi. Ke da kike aikin asibiti, wataƙila kin taɓa ganin yaron da aka kawo yana firgita da ganin ruwa. Birtaniya tsibiri ce, ta rabu da cutar a karnukanta tun 1922, shi ya sa take gadin ƙofarta haka. Maganar wata shida da aka faɗa miki tana da asali, don shekaru da yawa haka dokar take ga kowane kare da kowace kyanwa. A 2000 aka fara sassautawa ga wasu ƙasashe, a farkon 2012 kuma aka buɗe wa ƙasashe irin namu hanyar gwajin jini. Yanzu killacewa, wadda takan kai wata huɗu, tana kan dabbar da ta zo da takardu masu kuskure, kuma mai ita ne zai biya kuɗin zaman.

Ki lura da wani abu da ke rikita masu karatu a intanet. Birtaniya tana da jerin ƙasashen da ta amince da yadda suke riƙe da cutar. Dabbar da ta fito daga can, ba a neman gwajin jini, bayan allura a jira kwana 21, ta wuce. Najeriya ba ta cikin jerin, haka Nijar da Ghana da Kamaru. Duk inda kika ga an rubuta kwana 21, ba da mu ake ba.

Ƙwayar shaida, da dalilin da allurar bara ba ta da amfani

Ƙawarki ta faɗa miki gaskiya. Abin da Turawa ke kira maikurocif, ni ƙwayar shaida nake ce wa masu zuwa wurina, don girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Ba ta da batir, ba ta nuna inda dabba take kamar yadda waya ke yi, ba ta ɗauke da sunanki ko adireshinki. Lamba ɗaya ce tak a cikinta, mai alƙaluma 15, wadda babu wata dabba da ke da irinta. Idan aka shafa na'urar karantawa a bayan dabbar, sai ta yi ƙara, lambar ta fito. Ki tabbatar wadda za a saka ta dace da ƙa'idar ISO 11784 da 11785, don ita ce na'urorin filayen jirgin Turai suke karantawa ba gardama.

Sakawar ba tiyata ba ce. Nakan fara karanta ƙwayar tun tana cikin ledarta, in gwada da lambar da ke kan sitikar da ta zo da ita. Sannan mai taimaka mini ya riƙe kyanwar a kan tebur, in ɗaga fatar tsakanin kafaɗunta da yatsu biyu, in soka allurar, wadda ta ɗan fi ta rigakafi kauri. Yawanci ƙara ɗaya take yi, wata ma ba ta motsi. Sai in sake shafa na'urar a gaban mai ita, in sa shi ya karanta lambar da bakinsa, in manna sitika a kati. Wannan karatun ba don burge kowa nake yin sa ba. Na taɓa karɓar katin da wani ya cike da hannu, ya rubuta 1 ta yi kama da 7, aka kwafe kuskuren zuwa fom ɗin gwajin jini, sakamako ya dawo da lambar da ba ta jikin kyanwar ba. A idon jami'in da ke can, wannan sakamakon wata dabba ce daban. Makonni muka yi ana rubuce-rubuce kafin a gyara.

Daga nan za ki gane matsalar allurar bara. Doka ta ce a saka ƙwayar shaida kafin allurar haukan kare, ko a rana ɗaya amma ƙwayar ta riga. Hujjarsu mai sauƙi ce: katin da ya ce "kyanwa fara mai baƙin kai" zai iya zama na kowace kyanwa a unguwa. Allurar da aka yi wa dabbar da ba ta da lamba, babu mai iya rantsewa cewa wannan dabbar aka yi wa. Don haka allurar bara ta kare lafiyar kyanwarki, amma a lissafin takarda babu ita. Sai an sake. Sakewar ba ta cutar da lafiyayyar kyanwa, hasali ma wadda aka taɓa yi wa takan fi nuna garkuwa mai ƙarfi a gwaji.

Allura da jini

Ba kowace allura ake karɓa ba. Suna son wadda aka kashe ƙwayar cutar cikinta, irin su Rabisin da Nobivac Rabies, ko wadda aka haɗa ta hanyar fasahar ƙwayoyin halitta. Akwai nau'in da ake raunana ƙwayar cutar amma tana raye. Wannan ba ta shiga lissafinsu. A katin sai an ga sunan allurar, lambar kwalbar, ranar da aka yi da ranar da za ta ƙare aiki, da hannu da hatimin likita. Dabbar kuma sai ta cika mako 12 da haihuwa, abin da taki ta wuce tuni.

Bayan allura sai a jira aƙalla kwana 30, a ɗebi jini. Ranar allurar ba ta cikin ƙirga, shi ya sa ni nakan ƙara kwana biyu, don jinin da aka ɗiba a kwana na 29 asara ce. Ɗiban jinin kyanwa yana son haƙuri. Nakan naɗe ta da tawul, kai kaɗai a waje, a aske ɗan gashi a wuya, a ɗaga haɓa, a ja jinin daga jijiyar wuya. Ana juya shi a na'ura har ruwan jinin ya taso sama, rawaya-rawaya kamar man gyaɗa, shi ake zubawa a ƙaramar kwalba a rubuta lambar ƙwayar shaida a jiki, a haɗa da ƙanƙara. Ba kowane ɗakin gwaji ake kai wa ba, sai wanda ke cikin jerin da hukumomin Birtaniya suka amince da shi. Mu waje muke turawa, ko Onderstepoort da ke kusa da Pretoria a Afirka ta Kudu, ko ɗaya daga na Turai. Abin da ake nema shi ne ma'aunin garkuwar ya kai 0.5 IU/ml ko ya wuce.

A nan ne matsalar wutarmu take shigowa, kuma a nan na fi so ki sa ido. Allurar haukan kare tana son sanyin firiji tun daga masana'anta har zuwa sirinji. Wadda ta kwana a shagon da firijinsa ya yi kwana biyu ba wuta, ko ta sha rana a but ɗin mota, za a iya yin ta, a cike kati da kyau, amma jiki bai samu komai ba. Na ga haka da idona. Wasu iyali sun zo da katin da ba shi da aibu, aka tura jini, sakamako ya dawo ƙasa da 0.5. Dole aka sake allura, aka sake jiran kwana 30, aka sake biyan kuɗin gwaji, ƙirgar kuma ta koma farko. Sun tafi sun bar kyanwar, ƙaramar 'yarsu tana kuka a ofishina. Don Allah ki je asibitin dabbobi da kika ga firijinsa yana aiki, ki ga an ciro kwalbar da sanyinta, ki duba ranar lalacewarta.

Idan sakamako ya yi kyau, sai a jira wata uku, ana ƙirgawa daga ranar da aka ɗebi jinin, ba ranar da takarda ta dawo ba. Mutane kan tambaye ni, tunda jini ya nuna garkuwa, jiran me ake yi? Dalili shi ne cutar tana ɓuya a jiki, yawanci wata biyu zuwa uku, kafin ta bayyana. Kyanwar da aka ciza mako ɗaya kafin allura za ta iya cin gwajin alhali tana ɗauke da cutar. Wata ukun nan shi ne killacewar, sai dai a gidanki ake yin ta. Ga misali da kwanan wata: a saka ƙwaya a yi allura 1 ga Maris, a ɗebi jini 2 ga Afrilu, kyanwar ba za ta sauka Ingila ba sai bayan 2 ga Yuli. Idan tafiyar maigida ta ja, sakamakon ba ya lalacewa muddin ba a bar wa'adin allurar ya ƙare ba kafin a ƙara wata. In ya ƙare ko da kwana ɗaya ne, an koma farko, har jinin.

Wa zai tafi da ita

Akwai dokar da ba a cika sani ba: dabbar gida sai ta isa cikin kwana biyar kafin mai ita ko bayansa. Idan ta wuce haka, ana ɗaukarta kamar dabbar da aka shigo da ita don kasuwanci, sharuɗɗan kuma su yi nauyi. Ke za ki riga ta da watanni. Shawarata ita ce tun ranar farko a rubuta sunan maigida a matsayin mai ita, a kati da fom ɗin gwaji da duk abin da zai biyo baya, kuma a rubuta shi daidai yadda yake a fasfonsa. In a fasfo Muhammad ne, kada wani ya rubuta Mohammed. In kuwa tafiyarsu za ta riga cikar wata huɗun, sai a bar ta a hannun amintacce, ki ɗauke ta idan kin zo hutu, amma a wannan hali sunanki za a rubuta a matsayin mai ita.

Kyanwa ba ta shiga Birtaniya a kan cinyar fasinja. Ta jirgin sama, a matsayin kaya mai takardarsa daban take tafiya, a wani ɓangare na cikin jirgin da ake daidaita iska da ɗumi, kuma sai da kamfani da hanyar da hukumar lafiyar dabbobi ta Birtaniya, APHA, ta amince da su. Jerin yana shafin gwamnatin Birtaniya na intanet, gov.uk, ki duba shi kafin maigida ya sayi tikiti, ba bayan ya saya ba. Daga Kano babu jirgin da ke zuwa Landan kai tsaye, don haka tafiyar daga Abuja ko Legas za ta fara. Idan ta sauka a filin jirgin Heathrow na Landan, cibiyar karɓar dabbobi ta filin jirgin ce za ta ɗauke ta, a karanta ƙwaya, a bi takardu layi-layi, abin da kan ci sa'o'i. Za ku buƙaci ejan da zai fito da ita ta kwastam, kuma ku sa ta a fom ɗin ToR1 na masu ƙaura da kayan gidansu, don kada a caje ku haraji a kanta.

Za ki ji wasu na cewa a bi ta Faransa: wasu jirage suna barin kyanwa ta zauna ƙarƙashin kujera in ita da jakarta ba su wuce kilo 8 ba, a sauka Paris, a shiga mota zuwa Calais, a tsallaka ta ramin ƙarƙashin teku zuwa Folkestone. Hanya ce halastacciya. Amma tana son takardar lafiya biyu, ta Tarayyar Turai da ta Birtaniya, da bizar Shengen ga mai fasfon Najeriya, jirgin ƙasan Eurostar kuma ba ya ɗaukar dabbobi in ba karen jagora ba. Ga magidanci mai yara da akwatuna, ban ga ribarta ba.

Takardar ƙarshe ita ce shaidar lafiya ta Birtaniya, wadda ake saukewa daga shafinsu. Likitan dabbobi na gwamnati ne zai sa hannu, ko likitanki ya cike hukuma ta buga hatimi, kuma dole kyanwar ta isa cikin kwana 10 daga ranar sa hannun. A sa hannu da shuɗin biro, a haɗa da ainihin sakamakon jini, ba hoto ba. Ta ɓangarenmu kuma akwai izinin fitar da dabba daga ofishin kula da lafiyar dabbobi na tarayya, jami'an NAQS, hukumar Najeriya mai sa ido kan shige da ficen dabbobi da tsirrai, kuma su duba ta a filin jirgi. Kwana goman nan gajere ne in aka haɗa da zirga-zirgar ofis, don haka a je a san ofishin da jami'in tun da saura wata guda, kuma a kauce wa makon Sallah.

Ga masu kare da za su karanta wannan: duk abin da na faɗa ya shafe ku, da ƙarin maganin tsila mai ɗauke da praziquantel, wanda likita zai ba shi tsakanin sa'a 24 zuwa 120 kafin isa, ya rubuta rana da lokaci. Akwai kuma nau'o'in da aka haramta, kamar Pit Bull da XL Bully. Mai aku kuwa hanyarsa daban ce ƙwarai, don tun 2017 aku mai launin toka yana cikin tsuntsayen da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta fi tsaurara fitar da su.

Keji da ranar tafiya

Ki sayi kejin tun yanzu. Ƙa'idar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ita ce dabbar ta iya tsayawa ba tare da kanta ya taɓa rufi ba, ta juya, ta kwanta a miƙe. A samu na roba mai tauri, mai ƙofar ƙarfe, mai ramukan iska, wanda aka ɗaure samansa da ƙasansa da kusoshi masu noti. A ajiye shi a falo a buɗe, a riƙa sa mata abinci a ciki, a shimfiɗa tsohon zaninki da ba a wanke ba. Kyanwar da ta yi wata uku tana barci a keji, ranar tafiya ɗakinta ta shiga. Wadda aka tura ciki da safiyar ranar, har farce takan karya a ƙofa.

Kada a ba ta maganin barci. Na san tausayi ne ke sa mutane nema, amma magungunan suna sa jini ya sauka, suna rage numfashi, kuma a can ƙasan jirgi babu mai ganinta in ta galabaita. Kamfanoni da yawa ma ba sa karɓar dabbar da suka ga tana layi. A ba ta abinci kaɗan sa'o'i kafin a miƙa ta, a daskarar da ruwa a kwanon da ke maƙale a ƙofar keji don ya riƙa narkewa a hankali. Ba ki faɗi irinta ba. In mai guntun hanci ce irin ta Farisa, ki faɗa wa kamfanin tun farko, don numfashinsu yana wahala a zafi, wasu kamfanonin ba sa ɗaukar su. Zafin Maris da Afrilu a hanyar Kano zuwa Abuja ma abin lura ne: a tashi da asuba, a mota mai sanyi, ta kwana ta huta kafin jirgi.

Kafin a kashe kuɗin

Na san za a samu masu cewa kyanwa ce fa, ki samu wata a can. Ni ban ga laifin wanda ya ƙi rabuwa da dabbar da ya raina ba, musamman ga yaran da za su bar makaranta da kakanni da abokai a lokaci guda. Kyanwar kan zama abu ɗaya na gida da suka tarar a sabon wuri. Amma ki yi lissafi da idon basira. A cikin waɗanda na yi wa wannan aiki, in aka haɗa gwaji da keji da kuɗin jirgi da na ejan, abin yakan wuce tikitin mutum guda. Masu gidajen haya da yawa a Ingila suna da sharaɗi a kan dabbobi, don haka tun kina neman gidan da iyali za su zauna, ki samu amincewar mai gida a rubuce. Ki kuma dubi halin kyanwar. Wadda ta saba da ɗaki za ta zauna lafiya a bene. Wadda ke hawa katanga tana kwana a soron maƙwabta za ta sha ƙunci, wataƙila zamanta wurin mahaifiyarki ko ƙanwarki ya fi mata. In haka kika zaɓa, a ba wanda ya karɓa da son ransa, a bar masa kuɗin abinci da na allura. Kin san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Abin da ba na so shi ne a kai ta bakin kasuwa a ajiye ranar da za a tashi.

In ta isa, aiki na farko shi ne rajistar lambarta da sunanku da adireshinku a ɗaya daga rumbunan bayanan da gwamnatin can ta amince da su, don ƙwayar da ba a yi wa rajista ba lamba ce kawai. Tun 10 ga Yunin 2024 doka ce a Ingila kowace kyanwa da ta kai mako 20 ta kasance da ƙwaya mai rajista, tarar kuma takan kai fam 500. A tsare ta a cikin gida na 'yan makonni, a fara da ɗaki ɗaya, da tiren yashinta da zanin nan.

Ban duba kyanwarki ba, Malama, kuma likitan da ya taɓa ta ya saurari ƙirjinta shi zai ce ko za ta jure tafiyar. Dokokin nan kuma ana taɓa su lokaci zuwa lokaci, jami'in da ke Heathrow da abin da ke shafin gov.uk a ranar zai yi aiki, ba da rubutuna ba; ki buga shafin a takarda ki kai wa likitanki ku bi shi tare. A wannan makon, kafin hidimar biza da sallama ta cinye ki, ki ɗauki kyanwar da fasfon maigida ki je asibitin dabbobi, a saka ƙwaya, a karanta ta a gabanki, a yi allura, ki rubuta ranar ɗiban jini a kalandar da maigida ke dubawa.